Bindigar Gado: Yadda Za Ka Duba Ta, Ka Tsabtace Ta, Ka Adana Ta

Ranar da aka buɗe ɗakin kawuna domin rabon gado, a bayan adaka aka zaro wata bindiga mai baki biyu naɗe cikin tsohon bargo, kusa da ita kuma gwangwanin madara cike da harsasai masu jan kwanson takarda. Kafin manya su gama salati, wani ɗan ƙanina ya riga ya ɗaga ta ya kai kafaɗa, bakinta yana kallon ƙofar da mata ke wucewa. Allah ya tsare, amma da aka karya ta aka tarar da harsashi ɗaya a bututun dama, ya yi shekaru a ciki har gindinsa ya yi kore. Tun ranar nake son rubuta wannan jagora. Gidajen mafarauta da tsofaffin ma'aikata da dama suna da irin wannan ajiya, mai ita ya tafi da saninta, magada kuma ko su bar ta tsatsa ta cinye, ko su yi mata abin da zai jawo kuka.

Mataki na farko: ka ɗauka akwai harsashi a ciki

Ko wa ya rantse maka babu komai a cikinta, kai ka ɗauka akwai. Ka fitar da yara daga ɗakin. Ka juya bakinta ƙasa, wajen da babu mutum ko dabba, kuma kada ka yarda da bangon langa-langa ko ƙyauren katako a matsayin kariya. Yatsanka ya yi nesa da kunama.

Idan irin wadda ake karyawa ce, mai baki ɗaya ko biyu, akwai ɗan hannu a samanta. Ka tura shi dama, bututun zai sunkuya, sai ka leƙa ta baya ka ga haske ya ratsa kowane bututu har ƙarshe. Idan mai sakata ce, ka ɗaga sakatar ka ja baya, ka duba ramin da harsashi ke kwanciya da ido da kuma ɗan yatsa, sannan ka duba ma'ajin harsasai da ke ƙasa. Idan ta cije ta ƙi buɗuwa, ka bar ta haka. Ban da guduma, ban da buga gindinta a ƙasa.

Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce ta fi wuyar sha'ani, don ba ta da bayan da za a leƙa. Ga yadda tsofaffin maharba ke ganewa: ka riƙe sandar ɗuri da yatsu biyu daga gefe, tafin hannunka da fuskarka ba sa saitin baki, ka zura ta a hankali har ta tsaya, ka yi alama daidai bakin bututu. Ka zaro ta ka jera a jikin bututun ta waje. Idan ƙarshenta ya kai ramin da wuta ke shiga, babu ɗuri. Idan ya rage tazara, akwai abu a ciki. Albarushi ba ya mutuwa don ya tsufa, wanda ya shekara hamsin a bushe yana iya tashi. Kada ka gwada harba ta don ka ga ko da rai, kada kuma ka kai wa maƙeri ya sa a wuta. Ka rataya mata ƙyalle a matsayin alama, ka kulle, ka nemi wanda ya san aikin.

Mataki na biyu: takarda kafin mai

Mutane kan fara da goge-goge, ni kuwa ina ganin lasisi ne ya kamata a fara nema a cikin takardun mamacin. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula sai da izinin Shugaban Ƙasa, ciki har da ƙananan bindigogin hannu da bindigogin soja masu cin harsashin .303 da 7.62. Akwai na farauta, wato irin masu baki ɗaya ko biyu da dogayen bindigogin harbin nama, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigogin toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Abin da magada ba su cika sani ba shi ne, lasisi ba ya shiga rabon gado. Na mai shi ne shi kaɗai. Dokar ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal bayan rasuwa, daga nan zaman bindigar a gida ba tare da sabon izini ba laifi ne. Don haka babban gida ya je ofishin 'yan sanda da tsohon lasisin da shaidar rasuwa, ya bar bindigar a kulle a gida, ya tambayi yadda za a kawo ta. Idan sun karɓe ta domin ajiya, a karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar da ke jikinta. An sha dakatar da bayar da sabon lasisi saboda halin tsaro, don haka mai yiwuwa ajiyar ta daɗe. Idan ta faɗa cikin rukunin da aka haramta, miƙa ta ne kawai mafita. A Nijar, Ghana ko Kamaru dokokin sun bambanta, sai a tambayi hukuma ta can.

Kada ka sa ta a mota ka kama hanya da sunan kai wa wani ya duba. Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16, mafarauta masu komawa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka shiga. Zalunci aka yi musu, Allah ya jiƙansu. Amma ya nuna mana irin zamanin da muke ciki, wanda ganin bindiga kaɗai kan sa a yanke wa mutum hukunci kafin ya buɗe baki.

Mataki na uku: karanta abin da aka rubuta a jikinta

Nan ne daɗin abin yake. Bindigar kamfani tana ɗauke da tarihinta a jiki, sai dai an ɓoye shi. A ƙarƙashin bututu akwai guntun katako da ake riƙewa da hannun hagu. Ka danna maɓallinsa ko ka ja ɗan hannunsa, zai fita. Ka karya bindigar, bututun zai rabu da gangar jiki. Ka juya shi, a shimfiɗaɗɗen wurin da ke ƙasan gindinsa za ka ga ƙananan hatimai jere. Ka shafa alli ka goge da yatsa, farin zai zauna cikin rubutun, sai ka ɗauki hoto da waya ka faɗaɗa.

Waɗannan hatiman gidajen gwaji ne. A Ingila da Beljiyam da wasu ƙasashen Turai, ba a sayar da bindiga sai an harba ta da ɗuri mai ƙarfi fiye da na yau da kullum, idan ta jure a buga mata hatimi. Gidan gwaji na Birmingham an kafa shi a 1813, yana aiki har yau. Idan ka ga kambi bisa haruffan BNP, a can aka gwada ta daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa sama. Idan kambi ne bisa BP da BV, ta girmi haka. Haruffan ELG cikin zobe mai siffar ƙwai na birnin Liège ne a Beljiyam, wanda ya cika kasuwannin Afirka da bindigogi masu sauƙin kuɗi. Masu sunan Baikal daga Izhevsk ta Rasha suke, da yawansu an buga musu sunan Tarayyar Sobiyet. Ta kawuna BNP ce, ke nan ba ta kai tsufan da ake faɗa a gida ba, inda aka daɗe ana cewa tun zuwan Turawa take.

Abu uku za ka nema a cikin hatiman.

Na ɗaya, faɗin baki. Lamba 12 ita ce ta fi yawa, sai 16 da 20. Ma'anar 12 ita ce, idan aka narka dalma mai nauyin laba ɗaya aka raba ta dunƙule 12 daidai, kowane dunƙule zai cika bakin, wato kusan milimita 18.5. Shi ya sa 20 ta fi 12 ƙanƙanta. Akwai mugun haɗari a nan: harsashin 20 idan ya shiga bindigar 12 yakan zurma ya maƙale a gaba, mutum ya ga kamar bai ɗura ba, ya ƙara na 12 a baya ya harba, bututu ya tarwatse daidai inda hannunsa yake. Saboda wannan ne kamfanoni da yawa ke yin kwanson 20 da launin rawaya.

Na biyu, tsawon ramin harsashi. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa inci 2½ ne, wato milimita 65. Harsasan yanzu galibi milimita 70 ne, wasu 76. Tsawon da ake rubutawa a kwali na kwanso ne bayan ya buɗe baki wajen harbi, don haka dogon harsashi zai shige gajeren rami sumul, bindiga ta rufu lafiya, sai an harba matsi ya haura. Shigarsa ba shaidar dacewarsa ba ce.

Na uku, irin albarushin da aka gwada ta da shi. Har zuwa 1884, lokacin da Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa, baƙin albarushi ne aka fi amfani da shi a duniya. Sabon ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan ka ga NP ko kalmar NITRO a hatimin Ingila, ko zaki bisa haruffan PV a na Beljiyam, an gwada ta da sabon. Idan babu, harsashin kanti na yanzu ba nata ba ne. Ka kuma dubi fatar bututun da kyau. Idan kana ganin zane mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa ko saƙar tabarma, irin wanda ake kira Damaskas ne: ɗauri-ɗaurin ƙarfe aka murɗa aka naɗe a jikin sanda aka haɗe da wuta da guduma. Aiki ne mai kyan gani ƙwarai, amma tsatsa takan bi layin haɗin ta ci ciki inda ido ba ya kaiwa. Irin wannan ta ado ce.

Mataki na huɗu: duba lafiyarta

Ka rataye bututun da zare ta ƙugiyarsa, ka ɗan ƙwanƙwasa da bayan fensir. Mai lafiya yana amo kamar ƙararrawa. Idan ka ji sauti a dushe ko kaɗawa, dalmar da ta haɗa bututun biyu ta fara saki. Ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa ta baya kana juyawa a hankali: kana neman ramuka, lotsawa, da wani zobe mai duhu wanda ke nuna wurin ya taɓa kumbura. Ka bi wajen da yatsu, sau da yawa hannu kan ji kumburin da ido bai gani ba. Ka mayar da bututun a jikinta ba tare da katakon gaba ba, ka riƙe ta gindi ka girgiza. Idan tana motsi a mahaɗa, ta sassauta. Sai katako: ka duba wuyansa, bayan kunama, nan yake fara tsagewa, ka kuma duba ko gara ta shiga.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, ta gama harbi. Ko ba ka ga komai ba, idonka ba ya auna kaurin ƙarfe, mai kula da makamai da hukuma ta amince da shi ne zai yanke wannan hukunci. Gyaran bindiga ma a dokar Najeriya sai mai izini.

Mataki na biyar: tsabtacewa ba tare da goge tarihi ba

Kayan aikin ba su da yawa: sandar katako ko ta tagulla da ta fi bututun tsawo, farin tsumman auduga da aka yanka ƙanana, tsohon buroshin haƙori, man bindiga, in babu shi man keken ɗinki. Ban da man gyaɗa da manja, suna daskarewa su yi danƙo. Ban da baƙin man inji.

Ka jiƙa tsumma da mai ka tura daga baya zuwa baki, ka bar shi ya kwana. Washegari ka riƙa tura busassu har su fara fitowa da haske. Na farko za su fito ja-ja-ja kamar ƙasar jigawa, kada ka karaya, ta kawuna sai da ta ci kwana uku. Tsatsar waje kuwa, ka ɗiga mai ya jiƙa ta, ka kankare a hankali da gefen tsohon kwabo na jan ƙarfe, wanda ya fi ƙarfen bindiga laushi don haka ba ya yi masa rauni. Roƙona ɗaya a nan: kada ka sa takardar yashi, kada ka kai wa mai fenti. Baƙin launin nan da ya koɗe a inda hannun mai ita ya saba kamawa, shi ne abin da kake son jikoki su gani. Na taɓa ganin wadda aka goge ta yi fari fat kamar cokali, hatiman duk sun tafi, babu mai iya faɗin inda aka ƙera ta.

Akwai inda mai ba ya aiki sai ruwa. Tsofaffin harsasai, musamman na soja, ƙyastun da ke tsakiyar gindinsu yana barin wani gishiri a bututu bayan harbi. Gishirin yana jawo laima, mai kuma ba ya narka shi. Sojojin Ingila da mazurari suke zuba tafasasshen ruwa a bututun bindigoginsu saboda wannan. Dattin baƙin albarushi ma haka yake. Idan an cire bututu daga katako, an kuma tabbatar babu ɗuri, ruwan zafi ne maganinsa: zafin ƙarfen zai busar da shi, sai a bi da tsumma, a shafa mai nan take.

Katako a goge shi da tsumma mai ɗan danshi, a bar shi ya bushe a inuwa. Idan ka samu man da kafintoci ke shafa wa katako, ɗigo kaɗan a tafin hannu ya isa. Man ƙarfe kada ya taɓa shi, yana sa shi ya yi baƙi ya ruɓe. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, saboda dalma.

Mataki na shida: tsofaffin harsasai

Su ma ana karanta su. Ka dubi gindi. ELEY da KYNOCH sunayen kamfanonin Ingila ne da harsasansu suka zagaye duk inda mulkinta ya kai. Kwanson takarda alamar tsufa ce, na roba ya fara yaɗuwa ne daga wajen 1960. A dogayen harsasai na tagulla za ka ga lambobi masu dogon tarihi: .303 da sojan Ingila ya ɗauka a 1888, .30-06 na Amurka na 1906, .416 Rigby na 1911 da .375 na Holland & Holland na 1912, biyun ƙarshen nan an yi su ne domin manyan namun daji. Idan kwanso fanko ne ka leƙa ciki: rami ɗaya a tsakiya tsarin ƙyastu ne da ake kira Boxer, ƙanana biyu a gefe kuma tsarin Berdan.

Ka karanta, ka ɗauki hoto, amma kada ka harba. Kwanson takarda yana shan laima ya kumbura. Tagulla tana tsagewa a wuya. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin haka da damina a harsasan da aka ajiye a bargar dawaki, daga baya aka gano tururin fitsarin doki ne ke cin tagullar. Tsohon harsashi yana iya yin shiru bayan an ja kunama, sai mutum ya sauke bindiga sannan harsashin ya tashi. Yana kuma iya tashi da rabin ƙarfi ya bar toshiya a bututu, na biyu ya zo ya same ta. Duk wanda ya yi kore, ya tsage, ko yake wari mai yaji, kada a kankare shi, kada a jefa a wuta ko rijiya ko masai. A miƙa wa 'yan sanda tare da sauran.

Za ka ji cewa a Amurka mutane na sake cika kwanso a gida. Gaskiya ne, sha'awa ce babba a can, dokarsu ta yarda, kuma da ita ake raya tsofaffin bindigogin da kamfanoni suka daina yi wa harsashi. Amma ka san yadda suke yi. Suna bin littattafan da kamfanoni irin su Lyman da Hornady suka wallafa bayan gwaji da na'urar auna matsi, suna awo da sikeli mai gane abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba. Dalili kuwa, matsin da ke cikin bindigar .30-06 lokacin harbi yana kaiwa 60,000 a ma'aunin da tayar mota ke ɗaukar 32 zuwa 35. Bindigar 12 ma tana kaiwa 11,500. Kuskuren da ido ba zai gani ba ya isa ya raba mutum da yatsunsa. A Najeriya haɗa harsashi ba tare da izini ba laifi ne, kuma wanda ke cika kwanso da kintace a bayan kasuwa ba abin da waɗancan ke yi yake yi ba. Haka nan zuba albarushin harsashin zamani a bindigar toka, wannan ya raunata mafarauta da yawa, bututunta ba a yi shi don wannan ƙarfin ba.

Mataki na bakwai: ajiya

Idan ka samu izinin riƙe ta, akwatin ƙarfe mai kwaɗo za ka nema, a ɗaure shi da bango, makulli a jikinka. Harsasai a wani wuri daban mai nasa makullin. Kada ka mayar da ita cikin bargo ko kube na fata, suna riƙe laima. Ka jingine ta baki ƙasa bisa ɗan katako, don man da ke ciki ya gangara waje maimakon ya tsiyaya cikin wuyan katako. Ƙananan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi, ka tara ka zuba a akwatin. Da damina ka duba ta duk wata, ka sake shafa mai siriri. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, tana haɗuwa da mai ta zama kamar yashi, sai a goge a sake. Kada ka toshe baki da tsumma ka manta. Kuma zancenta ya tsaya a cikin gida, a wannan lokaci jin cewa akwai bindiga a wani gida yana jawo ɓarayi.

Idan ba ka da bukatar riƙe ta, kuma tsohuwa ce mai tarihi, ka yi magana da hukuma da kuma gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano ko za su karɓa.

Kafin ta bar hannunka, ko ma tana nan, ka samu littafi ka rubuta sunan kamfani, lamba, hatiman da ka gani, da ranar da ka duba ta. Sannan ka je wurin wanda ya rage cikin abokan farautar mai ita, ko Sarkin Bakan garinku, ka tambaye shi inda aka saye ta, nawa aka saya, wane daji aka shiga da ita. Ni gwaggona ce ta faɗa mini cewa tsagin da ke gindin ta kawuna ya samu ne ranar da ya faɗi a gaɓar kogi yana bin gwanki, ya dawo gida da dare ya ɗaure wurin da jijiyar saniya. Jijiyar tana nan har yanzu, na bar ta yadda ya ɗaura.